Kwalin Malam Isyaku da Zargin da Ya Bar Mana

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Isyaku makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Abokina ne tun muna firamare. Shi ya zama malamin makaranta, ni na shiga aikin gwamnati ina kuma ɗan taɓa rubutu a jarida, amma majalisarmu ɗaya, a zauren gidansa da ke Limawa. Mutum ne mai son dariya, sai dai ba ya yarda abu ya wuce shi bai san mafarinsa ba.

A wancan lokacin akwai wani wasan barkwanci da ake nunawa duk mako, labarin wani mai unguwa da maƙwabtansa. Bayan la'asar Malam zai fito da talabijin zaure, mu cika tabarma. Matsalar ita ce masu nunawa ba sa bin tsari in suna maimaici. Yau ka ga mai unguwa da rawaninsa, mako mai zuwa ka gan shi yana kamun ƙafa a naɗa shi. Abin ya hana Malam sakat. Sai ya samo ƙaton kwali ya manna a bango, ya shiga jera abubuwan da suka faru a wasan bi da bi, daga auren wane zuwa korar wane daga kasuwa. In gardama ta tashi, kwali ake dubawa.

Kwalin nan ne ya ja mana. Wata rana ladanin masallacinmu ya manta bai kashe lasifika ba, unguwa kaf ta ji shi yana ƙorafin surukarsa ta cinye masa kilishi. Ba a jima ba sai ga labarin a wasa, har da kilishin. Mun yi dariya har da riƙe ciki, ban da Malam. Ya koma kan kwalinsa ya tuna mana ragon layyar da ya kwance ya faɗa cikin walimar mata a bayan layinmu, shi ma ya fito a wasan bayan faruwarsa.

"Akwai mai kai rahotonmu," in ji shi. "Kuma a tabarmar nan yake zama."

Zarginsa ya sauka a kan Garba Tela, abokinmu na ƙuruciya, don ɗan yayarsa direba ne a wani gidan talabijin. Bai taɓa faɗa masa baki da baki ba. Ya dai daina kai masa ɗinkin Sallah, kuma da Garba ya yi sallama sai hira ta koma kan damina. Sauran ma kowa ya fara tauna maganarsa. A hankali majalisa ta watse, har ciwo ya kwantar da Malam ba su shirya ba.

Ranar sadakar uku Garba ya ja ni gefe, idonsa jawur. Ya ce, "Wallahi ni Malam nake zargi. Wa ya kai shi sanin ranar da komai ya faru?" Ashe duk shekarun nan kallon juna suke yi.

Bara Binta 'yar Malam ta ɗauki hoton kwalin ta saka a wani zauren masoya wasan a waya. Matasa suka yi ca, suna cike inda ya tsaya, suna gyara inda ya kuskure. Sai kuma wani daga Haɗeja ya ce ai labarin ladanin nan a unguwarsu ya faru. Wata daga Ringim ta rantse ragon na kakanta ne. Nakan tambayi kaina, da Malam na raye, da wannan ya kwantar masa da hankali? Anya kuwa. Na san shi, cewa zai yi masu kai rahoton ne suke da yawa. Ni kaina ban gama sakin jiki ba. Lasifika ana mantawa da ita a ko'ina, amma kilishi fa?

Abin da ya rage mana daga gare shi biyu ne. Akwai aikin da ya yi don ƙauna, wanda yau yaran da ba su san fuskarsa ba suke amfana da shi. Akwai kuma tsoron baki da ya shuka a tsakaninmu, wanda bai bi shi kabari ba.

Makon jiya na je shagon Garba na ce masa zan yi rubutu a kan marigayi. Muka yi masa addu'a. Garba ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce, "Ka san duk cikinmu kai kaɗai ne mai rubutu a jarida. Kai kaɗai ne kuma ba a taɓa zargi ba."

Na rantse masa ba ni ba ne. Ya ce ya yarda. Daga nan ya taka keken ɗinkinsa, ya fara ba ni labarin damina.