Audugar da Na Cire

Shekara da shekaru ina tsaron tahuna, wato injin niƙa, a bayan kasuwar Gadarif, inda ake niƙa dawa. A sana'armu ba a toshe kunne. Da kunne ake gane dutse ya bushe, ko bel ya saki, ko inji na neman mai. Wanda ya sa auduga, dariya muke yi masa, mu ce amarya ta zo aiki.

Kunnena na dama ya mutu ban san ranar ba. Na ɗiga masa man riɗi mai ɗumi har na gaji. Sai 'yar ƙanwata, mai karatun likita, ta zo hutu, ta tarar ina juya mata gefen hagu in za ta yi magana.

Ta zana mini abin a kan garin da ya zube a benci. Ta ce can cikin kunne akwai ƙwayoyi masu gashi, su ke ji. Kewaye da su akwai wasu da ba sa jin komai, aikinsu riƙe masu gashin. In ƙara ta kashe mai gashi ɗaya, na kusa da ita sai sinadarin kalsiyam ya tashi a cikinsu, wannan ta sanar da wannan, kamar yadda labarin rasuwa ke bin unguwa gida-gida. Daga nan su matso su rufe gurbin.

Na ce, "To, ai sun gyara ke nan."

Ta ce, "La, Kawu. Rufewa kawai suke yi, khalas, shi ke nan. Kaza ce nata ke sake tsirowa, mutum ba ya yi. Na hagun nan shi ya rage maka, ka toshe shi."

Na ji haushi a ce kaza ta fi ni, amma na sa audugar. Kwana huɗu ina aiki kamar baƙo a wurina. A na biyar inji ya ƙone ban ji kukansa ba, lokacin kaka kuma, buhunan dawa daga gonakin Fashaga jibge a ƙofa. Mako guda muna rufe, gidana na cin abin da maƙwabta suka aiko.

Da aka gyara, na cire audugar na jefa a kwata. Na san abin da na zaɓa, kuma tsoro nake ji.

Yanzu in matata tana magana, bakinta nake kallo. Ita tana tsammanin ƙaunar tsufa ce, ban gaya mata na hagun ma ya fara tafiya ba.