Babayo Mai Kallon Ƙafa

Babayo ɗana ne na uku, dogo kamar giginya, ban san inda ya gado tsawon ba don ubansa guntu ne. Manyan Gashua a rumfar tattasai suka san shi, yara kuwa da usur a wuya, yana alƙalancin ƙwallon kwando. Da can shi ma ɗan wasa ne. Wata rana ya daka tsalle zai cusa ƙwallo a kwando, wani ya shigo ƙarƙashinsa, ya faɗo a kan gwiwa. Tun ranar yake ɗingishi.

"Dada, 'yan kallo ƙwallo suke bi da ido, alƙali kuwa ƙafa yake kallo," in ji shi. Ya kwashi silifas ɗina ya jera a tsakar gida yana koya min. In mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu kafin mai ƙwallo ya bar ƙasa, to wurin ya zama nasa, wanda ya banke shi ne mai laifi. In kuwa sai da mutum ya tashi sama sannan ka sulalo ƙarƙashinsa, laifin naka ne, don na sama ba shi da birki.

Na ce, "Ashe shari'ar bakin famfo ce, wadda ta riga ajiye bokiti ita ke da wuri. Ba ni takalmana."

Kowa ya yarda da hukuncin Babayo, ban da mutum ɗaya, ɗansa na fari, Mahfuz. Ni na yaye shi, a ɗakina ya girma. Kun san kunyar ɗan fari. Babayo bai taɓa kiran sunansa ba, sai "kai" ko "yaron nan", in sun haɗu a zaure sai ya kau da kai. To yaron nan ya tashi da tsawon uban da tsallen uban, ya shiga ƙungiyar garinmu. Duk ranar da ya tashi sama aka yi karo, usur ɗin uban a kansa yake ƙarewa.

Ana gobe za a je wasa Nguru, Mahfuz ya shigo ya zube a tabarmata.

Na ce, "Mai gida, yau ma ba cefane, sai tsawo?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Dada, in ya sake yi min gobe, na bar ƙwallo, na bar garin. Kawu ya ce in zo Kano. Ba hukuncin ke ci min rai ba. Ko kallona ba ya yi, ta yaya ya san na yi laifi?"

Na yafa mayafi na tafi kasuwa. Na sami Babayo yana ɗaure buhu.

"Kai da ka ce ƙafa kake kallo, ƙafar wa? In yaron nan ya tashi, ina idonka yake?"

Ya ce, "Dada, ai da nauyi. Kuma kar a ce na goya masa baya."

"Wato ka sunkuyar da kai, ka ji faɗuwa, ka busa. Makaho ma ya fi ka, shi yana lalube. Ni na koya maka kunya, ban koya maka zalunci ba. Gobe da ni za a tafi."

Haka kuwa aka yi. Aka cusa ni gaban mota, muka wuce Jajimaji yara na ta waƙa, ban da Mahfuz. A Nguru aka ba ni kujera gindin darbejiya. Alƙalai biyu ne, nasu da namu. Ban gane lissafinsu ba, amma na ji an ce wasa ya zo ƙarshe kuma su ke gaba da kaɗan.

Sai ga Mahfuz da ƙwallo, a guje. Wani ƙato na Nguru, Kalli suke kiransa, ya tsaya masa a hanya. Ni ban kalli kwando ba, Babayo na kalla. Idonsa ƙyam a kan ƙafar ɗansa, bai kauda ba. Mahfuz ya tashi, ya cusa ƙwallo, suka zube tare. Usur ya tashi.

Na yi fatan Babayo ya riƙe ƙugu kamar mace mai shirin faɗa, don alamar laifin mai tsaro ke nan. Ina! Ya dunƙule hannu ya buga a tafinsa. Laifin Mahfuz, ƙwallon ba ta ciwu ba. 'Yan Nguru suka kaure da ihu, ni kuwa na ce shi ke nan, Kano ta yi baƙo.

Sai na ga Babayo ya ɗingisa har inda yaron yake kwance, ya miƙa masa hannu.

"Mahfuz, tashi. Gwiwar lafiya? Ya riga ka kafawa, ƙafarka ta hagu na ƙasa lokacin da ya tsaya. Da ka kauce dama kaɗan, da ka wuce shi." Ya ɗago shi. "Amma tsallen ya yi kyau."

A gaban jama'a fa, har da suna! Ni da na tura shi sai da na ja mayafi na rufe fuska.

An cinye mu. A hanyar dawowa na leƙa baya na ce, "Mai gida, in haɗa maka kayan Kanon?"

Ya ce, "Tsohuwa, bari sai an rama tukuna. Kuma gaskiyarsa ce, Kalli ya riga ni."

Har yau a gida "yaron nan" yake ce masa, kuma in sun haɗu a zaure yakan kau da kai. Amma da la'asar nakan hango su a fili, uban ya kafa ƙafa biyu da gurguwar gwiwarsa, yana cewa, "Sake zuwa, ina kallo."