Faifai Biyu da Zafin Agazari

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Mutanen Madawa Anfirme suke ce masa, saboda aikin jinya da ya yi a gidan likita. Ni kuwa Malam nake cewa, har yau bakina bai saba da sunansa ba. Littafin makarantar lise na jikata ne ya sa na ce ta ɗauko biro ta rubuta min wannan. Na tarar da ita tana zana wani layi mai hawa da sauka, ta ce zafin shekara ne suke lissafawa da sinus da kosinus. Na ce mata, yarinya, a garin nan jikin bangon ɗakina aka fara zana layin nan, da gawayi, kuma faifaina biyu aka ɓata a kansa.

Lokacin yaƙin Nasara na biyu ne, komai ya yi wuya, har gishiri. Damina na ƙarewa aka aiko da akwati ɗaya na maganin lamba, wanda ake tsaga wa yara a dantse don kada agana ta kama su. Aka ce shi ke nan, babu wani a bayansa. Maganin kuma ba ya son zafi. In rana ta dafa shi sai ya zama ruwa, a tsaga yaro a banza. Don haka aka sa akwatin a tulu, aka zura shi cikin rijiya.

Muna da sabon lokotoro, wato likita, a lokacin, Banasare, bai cika shekara a ƙasar ba. Mutum ne mai ƙoƙari, ba zan ci zalinsa ba. Ya duba wata mafi zafi da wata mafi sanyi, ya ja layi ɗaya mai santsi tsakaninsu yadda aka koya masa. Layin ya nuna masa tun daga bazara zafi sauka kawai yake yi har lokacin ɗari. Sai ya ba da umarni Malam ya ɗora akwati a raƙumi cikin mako, ya bi ƙauyukan Buza har Keita.

To, ko tsohuwa mai tsince wake ta san ba haka shekararmu take ba. Damina na ɗaukewa wani zafi yake dawowa, agazari, mai nunar da gero ya hana mutum sakat. Malam kuwa ya fi kowa sani, don shekara bakwai yana duba ma'aunin zafi na gidan likita kullum da azahar yana rubutawa. Ya faɗa wa lokotoro, lokotoro ya ce maganar manoma ce.

Ga kuma abin da ya hana ni cin tuwo a makon nan. 'Yata ta fari tana can wani ƙauye bayan Buza, cikin duwatsu, an kai ta yaye wurin mahaifiyata. Fatake kuma sun fara kawo labari cewa agana ta ɓulla wajen Keita. In Malam ya tashi a makon, ƙauyenmu yana cikin na farko. In ya jira sanyi, kwana arba'in ne ko fiye. 'Yar fari ce, ba a kiran sunanta, ba a nuna an damu da ita, haka aka rene mu. Ina tankaɗe na ce masa, ban ko ɗaga kai ba, “Malam, akwai fa yara a can.”

Ya ce, “Na sani. In munka tafi yanzu, ruwa za mu tsaga wa ɗiyan mutane. Su saki jiki, cuta ta zo ta kwashe su, kuma ba mai sake miƙo muna hannun ɗa nai har abada.”

Washegari ya ɗauke min faifai biyu ba ko sallama. Ya kafe babban a bango yadda zai juya, ya ce juyi ɗaya shekara ɗaya. Ya soke ƙaramin a bakin babban da ƙayar aduwa, ya ɗaura gawayi a gefensa. Duk sa'ad da babban ya juya sau ɗaya, sai ya juya ƙaramin sau biyu. Wata-wata yake duba inda gawayin ya kai, ya sa alamar tsayinsa a bango, ya matsa gaba. Da ya haɗa alamun sai ga tozo biyu, babba na bazara, ƙarami na agazari, da kwarin damina a tsakani. Kwana uku yana wannan, yana gwadawa da littafinsa, ni ina yi masa tsiya cewa mai jinya ya koma wasan yara. Tsiyar baki ce kawai, cikina kuwa tsoro ne.

Rana ta huɗu da hantsi ya shigo da lokotoro har cikin gida. Ina bayan zana, ba na jin Faransanci, amma na ji muryar Nasaran tana tashi, na kuma san abin da ake yi wa baƙar fata mai gardama a zamanin. Can sai muryar ta sauka. Na leƙa na ga lokotoro ya tsuguna yana juya faifaina da hannunsa. Malam ya gaya min daga baya cewa mutumin ya ce wannan lissafi yana cikin littattafansu, shi ne bai yi tunanin sa juyin faifai na biyun ba. Ya yarda a jira, amma ya ce in cuta ta riga magani, Malam ne zai tsaya gaban kumandan mai mulkin ƙasar.

Muka shiga jira. Kullum da azahar ya dawo in dubi fuskarsa, ya girgiza kai. Sau nawa na buɗe baki zan ce a ɗauko min yarinyar, kunya ta rufe min shi. Shi ne ya gaji ya aika ƙanensa, amma kafin nan kumandan ya sa gardawansa masu tsaro sun rufe hanyar, ba shiga ba fita. Ranar da zafi ya karye suka tashi. Maganin ya kama a kowane ƙauye, hannun yara ya yi ƙurji yadda ake so, cutar ta tsaya. Da suka isa ƙauyenmu sun tarar agana ta riga su, an yi kwana tara da rufe 'yata.

Bai taɓa ce min yana da gaskiya ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yi laifi ba. Mun ƙara shekara da yawa tare, mun haifi shida, bai sake taɓa faifai ba.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Magani yana zaune cikin sanyin firigo, yaro a kan moto ya kai shi Keita kafin azahar, jikata ba ta ma taɓa ganin mai zanen agana sabo ba. Na san zai yi hamdala, sa'an nan ya tambayi wa ke rubuta zafin kullum, don ni jikina yana gaya min bazarar yanzu ta wuce inda gawayinsa ya tsaya. Ina kuma jin zai lissafa abin da nake lissafawa, cewa yanzu zuwa ƙauyen nan tafiyar safiya ɗaya ce.

Akwai tsofaffi a ƙasar Buza da Keita masu tabo a dantse, da jikoki cike da gida, ba su san wane ne ya tsaga su ba. Abin da ya bari ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. Na daɗe ina auna shi da abin da na rasa, har yau ban iya cewa sun yi daidai ba, sai dai na daina jin haushinsa tun yana raye. Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya makwancinsa. Abin da ya rage nawa ne. Kunyar da ta hana ni magana ran nan ta ishe ni haka. Jikata ta tsayar da biro tana kallona, na ce ta rubuta, a buga kowa ya karanta. 'Yata ta fari, sunanta Mariyama.