Mai Makulli da Jan Fili

Kawuna babba, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya yana aikin tsaro a gandun dajin gwamnati. Mai Makulli muke ce masa, don ko butarsa ba ta kwana a waje. In ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihu. Ina son sa, amma wallahi zama da shi sai mai haƙuri.

A tsakiyar gandun, inda ko'ina kore shar, akwai wani jan fili mai duwatsu, ko ciyawar kirki babu. Wani tsohon shugaban gandun ya ce wannan abin kunya ne, ya ba Kawu dashen itatuwa ɗari biyar ya kafa a bakin filin. Kawu ya samo wa ƙanensa, kawuna ƙarami, aikin kawo ruwa da tanka. Kafin wata uku ganye ya yi rawaya, dashen suka mutu ƙurmus. Aka sake, suka sake mutuwa. Aka rage wa Kawu girma a gaban na ƙasa da shi.

Sai ya zauna ya yi tunani irin nasa. Rami shi ya haƙa, taki shi ya zuba, ruwa ne kaɗai bai bi ta hannunsa ba. To, ashe ƙanen nan kujerarsa yake hari, wani abu ya zuba a tankar! Haka ya faɗa masa a tsakar gida, uwarsu tana zaune. Daga ranar, shekara goma sha tara ko gaisuwa babu. Har a zaman makokin uwar, tabarma daban-daban suka shimfiɗa.

Bara wata malamar jami'a mai binciken duwatsu ta zo da guduma da 'yan jakunkuna, aka ce Kawu ya riƙa raka ta. Duk dutsen da ta ɗauka sai ya ƙirga, ya rubuta a tafin hannu. Ni nake sayar da tikiti a ƙofar gandun, a bakin tagata suka tsaya ran nan.

"Baba, dutsen jan filin nan ba na saman ƙasa ba ne," in ji ta. "Daga can ƙarƙashi yake. Manyan ɓangarorin ƙasa biyu ne suka yi karo tun kafin a yi mutane, suka tunkuɗo shi sama. Ƙarfe ya yi masa yawa, abincin da saiwa take nema kuma babu." Ta fasa ɗaya, cikinsa kore mai duhu. "Jan da kake gani a waje tsatsa ce."

"In an ba shi ruwa mai kyau fa?"

"Ko wanda kake sha ka ba shi, dashe ba zai rayu ba."

Kawu ya ƙura mata ido. "Malama, kin san wani direban tanka? Shi ya aiko ki?"

Haba Kawu! Kunya kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Bai yarda ba. Ya ɗebo ƙasar filin a gwangwani, ya ɗebi ta bayan gidansa a wani, ya shuka wake a duka biyun. Ya ajiye su a tagar ɗakinsa ya kulle, ruwan ma da kansa yake ɗebowa. Na bayan gida ya yi yaɗo. Na filin ya tsiro kamar ɗan yatsa, ya yi rawaya, ya kwanta. Sau uku yana sakewa. Na uku kam, abincin da na kai masa bai taɓa ba.

Wata safiya ya ce in raka shi. Muka tarar da kawu ƙarami a gareji, ya tsufa, yana wanke hannu da kalanzir. Kawu babba ya yi sallama. Ƙanen ya ɗago, ya dube shi tun daga hula har takalmi, bai miƙa hannu ba.

"Yaya," ya ce, "yau kuma me aka ce na kashe?"