Dokin da bai taka Inna ba

Tayar wata babbar mota ce ta fashe a bakin kasuwar Illela ranar Lahadi. Jakuna suka bazama, mutane suka watse, hannun Inna mahaifiyata ya suɓuce daga nawa. Ina juyawa na gan ta a ƙasa, kanta dab da kofaton wani jan doki, gajere mai faɗin ƙirji.

Wallahi da dokin ya yi taku ɗaya, shi ke nan.

Dokin nan bai gusa ba. Kunnuwa kawai ya kaɗa, ya tsaya cak har muka janye ta. Gwiwarta ce kaɗai ta kurje.

Mai dokin wani dattijo ne daga Kalmalo, yana bisa sirdi riƙe da linzami. Da na samu bakin magana na ce, "Baba, mi kaka ba dokin ga da ba ya firgita?"

Ya shafa wuyan dokin ya ce, "Ɗana, irinsu haka Allah ya yi su, ba su da garaje. Amma in ya ji abin tsoro, ni yaka saurare. In na natsu, shi ma ya natsu."

"To kai ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji mana. Da na bari ya gane, da yanzu wani zance aka yi."

Tun ranar nake tunanin mutanen da ke haɗiye tsoronsu don kada mu firgita, mu ko ba mu sani ba. A gidanku wa ke yin haka?