Hancin Nas da Gemun Yayana

Gashin na'ura da aka yi wa yayana a asibiti ya kashe cutar dajin da ta kama shi, amma ya ƙona masa mafitsara, ya koma fitsarin jini. Likita a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya ce kullum zai riƙa shiga wani tanki yana shaƙar iskar oksijin har ciwon ya warke. In jinin bai tsaya ba, sai dai a cire mafitsarar.

Da ya ga tankin sai ya ce, "Shekara da shekaru ina loda kwantena, yau ni za a loda."

Doka ɗaya ce ta gagare shi: ba a shiga da turare, don a cikin iskar nan abu kaɗan sai gobara. Shi kuwa mutum ne da in ya bi ta wani lungu a unguwar Sanyuanli da safe, har la'asar ana sanin ya wuce.

Akwai wata nas 'yar firit a ƙofar. Kowace safiya sai ta yi ɗage ta shinshina gemun yayana, Alhaji guda mai 'ya'ya da jikoki, ta kaɗa yatsa ta ce, "Laoban, meiyou!" Wato maigida, babu shiga. Ya koma ɗigawa a bayan kunne, ta gano. Ya shafa a ƙasan gwiwa, ta durƙusa ta gano. Har rantsuwa ya yi mata da Hausa cewa na jiya ne.

Ni abin ya daina ba ni dariya, don kowace kora asarar magani ce, jinin kuma bai fasa ba. Rannan a barandar asibiti na fashe.

"Haba Yaya! Mafitsararka za ka bayar saboda ɗan turaren oud?"

Ya dubi silifas ɗinsa. Sannan ya ce, "Zarni nake ji a jikina. Ko a sahu na tsaya, sai in ga kamar na kusa da ni yana matsawa."

Kunya da tausayi suka rufe ni. Washegari ya yi wanka da ruwa zalla, ya sa rigar audugar asibiti. Kafin mu kai wurin nas ɗin ya riƙe hannuna.

"Fara shinshinawa kai. Kada ka yi min kara."

Na sa hanci a wuyansa. Ban taɓa jin ƙamshin jikin yayana ba sai ranar, irin na mahaifinmu ne sak. Na faɗa masa, ya saki hannuna ya shiga.