Yadda Dodo Ya Rataye Ganga

A Tabla, cikin ƙasar Kurfai, an yi wani makaɗin noma mai suna Dodo. Gangarsa ta gado ce. Idan damina ta kama, aka kira gayya, shi ke tsayawa bakin gona da gula a hannu, yana duka, samari na bin kunyar hatsi kamar ruwa ne ke tura su. Mutanen Tabla kan ce ba da kunne ake jin gangar Dodo ba, a ciki ake jinta, ƙasan cibiya.

Shekarar da Annasara suka zauna Filinge, sai wani gardi, ɗan sandan Annasara, ya iso kan doki ya ce kwamandansu na son mai ganga. Aikin da aka ba Dodo shi ne ya shiga ƙauyuka gaban gardawa ya kaɗa, in jama'a sun taru a zaɓi majiya ƙarfi su ɗauki kaya. Da fari mutane na fitowa da dariya, don sun san muryar gangar. Ba a jima ba suka gane. Rani guda ya yi a wannan aiki kafin a sallame shi.

Da ruwa ya sauka, maƙwabcinsa ya kira gayya. Dodo ya tsaya bakin gona da hantsi ya kaɗa. Ya duba gari, sai ya hangi mata suna tura 'ya'yansu cikin rumbuna, wasu samari kuma sun yi daji da gudu. Ba wanda ya zo sai tsofaffi biyu. Ya dawo gida ya rataye gangar a zaure.

Matarsa Kubura ta zuba masa ido kwana da kwanaki, yana zaune yana buga yatsu a kan gwiwa. Ran nan ta ce, "Maigida, tashi ka tahi kasuwa ko ka ga mutane. Zaman nan ba ya yi maka magani."

A kasuwar Filinge, can gefen masu sayar da kanwa, ya tarar da wani tsoho ɗan garin Damana, Manzo, zaune ƙarƙashin gawo da molo a cinya. Ba kowa gabansa. Sautin siriri ne, sai da Dodo ya tsuguna kusa kafin ya ji shi sosai. Yana saurare, hayaniyar kasuwa ta yi nisa. Ya ga kamar kwarin nan da garin yake ciki ya cika da ruwan da kakanni ke cewa ya taɓa gudana a wurin, shanu na tsaye cikinsa har ƙirji, uwarsa da ta rasu tana wankin ƙorai a gaɓa. Da tsohon ya tsaya, inuwa ta riga ta bar su.

"Baba, wa kake yi wa kiɗin nan, ba kowa?" in ji Dodo.

"Ga ka nan," in ji Manzo. "Ganga ita ka kiran gari. Molo mutum guda ya ishe shi."

Daga ranar, duk kasuwa Dodo na wurinsa. Hannunsa ya saba da duka, don haka tsirkiyar izgar doki ta yi ta tsinkewa. Manzo ba ya faɗa, sai ya murza wata ya ɗaura. Wata rana ya kama yatsun Dodo ya ce, "Fata duka take so, ta amsa maka take, ta yi shiru. Tsirkiya taɓa ta kake yi ka sake ta, ka jira ta gama maganarta. Kai ba ka jira." Sai da aka yi girbi biyu kafin Dodo ya koyi jiran. Sannan ya sassaƙa nasa molon, ya rufa shi da fatar akuya.

Wata la'asar yana kaɗawa a ƙofar gida, wata mata mai suna Mairama ta zo ta tsaya. Ɗanta Haruna na cikin waɗanda suka fito kan gangar Dodo a ranin nan, kuma bai dawo ba. Tun lokacin ba ta ƙara amsa gaisuwar Dodo ba. Ya ɗaga hannu daga tsirkiya.

"Ci gaba," ta ce.

Ta zauna kan turmi ta jingina da darni. Ya kaɗa a hankali, ba waƙa. Can ta lumshe ido ta ce, "Ga shi can yana tahowa ta cikin hatsi. Kada ka tsaya." Bai tsaya ba har aka kira magariba. Ta tashi ta kaɗe zanenta, ta ce masa a gaida Kubura.

Dodo ya tsufa da molo. Ba a ɗauke shi gwani ba, masu jin kiɗi sun ce Manzo ya fi shi nesa. Amma waɗanda nasu suka tafi ba labari sun san hanyar gidansa, suna zuwa ɗaya ɗaya, wani da goro, wani hannu sake. Ya rasu cikin kaka, aka binne shi gabas da gari, inda jikokinsa ke shuka wake yanzu.